Barcin Baƙon Iri

Barau kuku ne ya kawo min su,
ƙulli uku a aljihun riga.
Ya ce sunansa asfaragas,
masu otal a Bompai har kuɗin jirgi suke biya masa.
Na ce lambun Kwakwaci bai taɓa korar baƙo ba,
na ware musu kunya uku a bayan latas.

Na farko ɗan ƙasar ƙanƙara ne.
Ya fito da ɗoki, siriri kamar tsinken tsire,
ganye kamar gashin jariri.
Ranar bazara ta dube shi sau ɗaya,
ya sunkuyar da kai, bai ƙara ɗagowa ba.

Mai kan shunayya ya fi shi zuciya,
ya sha zafi bai ce uffan ba.
Ruwan Agusta ne ya kwana huɗu a gindinsa.
Da na tona, saiwar ta narke a hannuna
tana warin tsohon jiƙo.

Saura na uku, wanda aka ce daga ƙasar yashi yake.
Shekara biyu yana cin takina,
bai biya ko kuɗin shayi ba.
Ladidi ta ce, alayyafo wata guda ya isa kasuwa,
wannan naka ɗan boko ne, takardar aiki yake jira.

Sai injin ban ruwa ya mutu.
Mako biyar yana Ƙofar Ruwa wajen gyara,
yau gobe, yau gobe.
Na ceci tumatir da bokiti,
baƙo kuwa na bar shi da Allah.
Ya yi rawaya, ya bushe,
na sa lauje na share shi da haushi.

Ruwa ya dawo ranar Laraba.
Kwana tara, da asuba,
ƙasa ta tsage:
yatsu kore, masu kaurin babban yatsana,
goma sha ɗaya, na ƙirga sau biyu.

Ashe barci yake nema.
A can sanyi ne ke kwantar da shi,
a nan babu mai yi masa shimfiɗa sai ƙishirwa.
Ni da nake ta ɗura masa ruwa
hana shi runtsawa nake.

Barau ya zo da roba, ya ɗaure, ya biya.
Na rage uku na kai gida.
Ladidi ta tsoma a miya, ta tauna, ta yi shiru,
ta ce kamar ɗanyen wake,
gobe in taho mata da kuɓewa.