Birkin Hannu

Ranar Laraba ce, a gonar Mama Abeke, can bayan Epe.
Raɓa ba ta gama sauka daga ganyen rogo ba
na hau ƙaramar taraktar nan ja
wadda ba ta fi ɗan maraƙi tsayi ba.
Na murza makulli, ta yi tari sau biyu, ta kama.

Na sa giya. Ta tafi,
amma tafiyar yaron da aka tasa daga barci aka aika kasuwa.
Na ce ƙasar ce.
Ƙasar nan ruwa ke kwana a ƙarƙashinta,
ba jigawar garinmu ba ce
da garma ke shiga kamar wuƙa a kabewa.
Na ƙara mata wuta.
Ta yi gurnani. Na ƙara.
Har zaginta na yi, na ce raguwa, 'yar gata,
kin sha dizal kin ƙoshi, aiki ne ba kya so.

Sai wani ƙauri ya taso,
irin na silifa da ya faɗa murhu.
Na waiga wajen bakin ruwa,
na ɗora wa masu ƙyafe kifi laifi.
Kolapo, ɗan autan gidan, yana can kan gyaffa yana ɗaga hannu biyu,
ni ma na ɗaga masa ɗaya,
wai gaisuwa muke.

Kunya goma sha ɗaya na tayar a safiyar nan.
Ta goma sha biyu ita ta rufe ni.

Da na tsaya, hayaƙi na fita ta gindin tayar baya,
siriri, shuɗi-shuɗi.
Na tofa yawu a ƙarfen, ya ce cuu, ya ɓace.

Baba Rasaki makanike ya iso kan acaɓa bayan azahar.
Bai ko buɗe jakar sifanoninsa ba.
Ya shaƙi iska, ya dube ni, ya dubi motar,
ya miƙa yatsa biyu gefen kujera,
ƙas!
Sanda ta kwanta.
Ya ɗage hulata da na kifa a gaban sitiyari,
ga 'yar jar fitila a ƙarƙashi,
tun safe take ihu ba murya.
Da Hausarsa ta Agege ya ce,
Sallau, ka ɗaure akuya a turke,
kana dukanta don ta ƙi gudu.

Mama Abeke ba ta ɗaga murya ba.
Da ma ta yi faɗan.
Littafinta ta buɗe, ta lashi yatsa, ta rubuta:
dubu goma sha takwas, kuɗin birki,
a cire cikin wata uku.

Da dare, a ɗakin kwano,
sauro na waƙa, janareton maƙwabta na amshi,
na sunsuna rigata, ƙaurin bai fita ba.
Ƙafata ta taɓa jakar da ke ƙarƙashin gado.
Shekara tara ke nan a Ikko
ban taɓa zazzage ta duka ba.
Akwai babbar riga a ciki da ninkin Ɗanja har yau.
Kowace damina sai in ce bana ce ta ƙarshe.
Filin da Kolapo ya nuna mini a Poka, na ce sai na yi shawara.
Filin da yayana ya ce in zo mu raba, na ce sai na tara.
Kuma kullum ina mamakin
abin da ke gajiyar da ni haka tun kafin la'asar.

Ban warware komai a daren ba.
Barci ma sai wajen asuba.

Da gari ya waye na je na same ta a rumfa,
an sa mata sabon birki, tana warin man giris.
Na shafa bayanta inda fenti ya goge.
Ba kowa kusa, don haka na ce mata ta yi haƙuri.
Na sa hulata a kaina, inda ya kamata.
Na sauke sandar, na sake taɓawa, na sake.
Sannan na sa giya,
ta zabura har sai da na riƙe kujera.