Kwaɗon Gilashi a Ƙofar Ruwa

Shekara talatin ina yankan gilashi a Ƙofar Ruwa.
Na san kukan da yake yi in lu'ulu'u ya bi ta kansa,
na san wanda zai tsage tun bai tsage ba.
Sai jiya, bayan la'asar,
Suwaiba ta dawo daga jami'a da littafi a hammata,
ta ce, "Baba, zo ka ga aikin da ya fi naka."

Kwaɗo ne, bai fi kan babban yatsana ba.
Bayansa kore kamar ɗanyen lemon tsami,
idanu ruwan zinare, sun fuskanci gaba.
Ta juya shafi, an ɗauko shi ta ƙasa.
Tsarki ya tabbata ga Mai halitta!
Ga hanji a naɗe kamar zaren tela,
ga jar jijiya guda ta ratsa tsakiya,
ga zuciya, ƙwayar gero, a fili,
babu zaure, babu labule.

Mu an ce mana ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.
An ce labarin zuciya a tambayi fuska.
Shi wannan, wa zai wahala da fuskarsa?

Ta ce can yake, ƙetaren teku,
a kurmin da ruwan sama ba ya jiran damina.
Na ce ai mu ma muna da Kurmi,
sai dai bishiyoyin tamu sun zama rumfuna,
Jakara kuma an yi mata rufi da kankare.

Da rana, in ji ta, yakan manne a bayan ganye ya yi barci,
ya tattara jan jininsa ya ɓoye a hanta,
sai ya dusashe, ya saje da shimfiɗarsa.
Maciji ya wuce. Tsuntsu ya wuce.
Da dare ya kwance ajiyar, jini ya koma hanya,
ya yi kira siriri,
kamar an ƙyasta farce a bakin tambulan.

Ashe shi ma yana da abin ɓoyewa.

Uwar takan zuba ƙwai a ganyen da ya leƙa ƙorama, ta tafi.
Uban ke zama.
Ya kwanta a kansu don kada su bushe,
rina ta kawo hari ya tokare ta da ƙafa,
dare bayan dare ba ya yin nisa,
har baƙin ɗigo ya yi wutsiya, ya motsa,
talibambam su zame ɗaya bayan ɗaya
su faɗa ruwa kamar ɗigon indararo.
Ba ya bin su.
Ba ya sanin wanda ya kai.

Nan ta yi shiru, ni ma na yi.
Tana wata bakwai Tasalla ta rasu.
Ni na dama koko, ni na koyi goyo,
'yan majalisa suna yi mini dariya ƙasa-ƙasa.
Ban taɓa buɗe mata wannan shafin ba.
Wata mai kamawa za ta tafi bautar ƙasa,
wani garin da harshena ya kasa kama sunansa.

Cikin dare ruwa ya sauko a Gwammaja.
A kududdufin bayan gida,
wanda aka cike rabinsa aka jera shaguna,
kwaɗinmu na gida, masu kaurin fata,
suka raba dare suna faɗin abin da ke cikinsu.
Na kwana ina saurare.

Yau da safe muka ɗaga gilashin tagar wani alhaji,
ƙafa shida, ya tsaya daidai ƙirjina,
Sagiru na wancan ɓangaren yana kallona ta ciki.
Ya ce, "Maigida, lafiya kuwa?"
Na ce, "Riƙe da kyau, yaro.
Gefen nan yana da kaifi."