Buhu Ashirin da Bakwai

Hutun damina, 'yan ajinmu suka watse,
wasu gona, wasu barci.
Ni aka miƙa mini jan biro
da kujera mai ɗingishi
a wani ofis na sama, bayan Gawon Nama,
inda fanka ke juyawa kamar an yi mata dole.

Malam Arzika bai tambayi makin da na ci a jami'a ba.
Kwali ya turo mini da ƙafa, cike da rasit,
wani da maiƙon tsire, wani ruwa ya lashe rabinsa.
Ya ce, "Kulu, takarda ba ta ƙarya,
sai dai ba ta magana sai an zauna da ita."

Na zauna da ita mako biyu.
Na ga yadda sifili ɗaya, in ya ɓata hanya,
yake hana mutum huɗu cin abincin rana.

Ran Laraba muka nufi Kalambaina,
ƙidayar kaya a injin casar shinkafa.
Mai tsaron sito, Baba Labbo, bai yi boko ba.
Littafinsa bango ne, alƙalaminsa gawayi:
huɗu a tsaye, na biyar ya gitta a kansu.
Na ja mayafi na ɓoye dariyata.

Na ƙirga, na hau tsani na sake ƙirgawa,
ƙaiƙayi a wuya, gumi a ido.
Na duba takardata:
buhu ashirin da bakwai babu.

Kwana uku ina ɗauke da su a kaina.
Na ga sabon takalminsa, na ce to.
Na ga goron da yake raba wa 'yan dako, na ce to.
Har sallarsa, da ya daɗe a sujada,
na ce mai laifi ne ke roƙo.
Da dare a Mabera ina jin ruwa bisa kwano,
ina shirya jimlar da zan rubuta a rahoto,
wadda za ta raba tsoho da makullansa.

Na kai wa Malam Arzika, ƙirjina gaba.
Bai ko ɗago ba, yana fifita shayi.
"Raba shi gida tara."
"Ya rabu, Malam. Uku."
"In giɓi ya rabu tara ba saura,
kafin ki nemi ɓarawo
nemi lambobin da suka yi musayar wuri."

Na koma babban littafi, shafi na goma sha ɗaya.
Arba'in da bakwai, ga shi nan baƙi ƙirin.
A takardata, saba'in da huɗu.
Rubutuna ne. Na san yadda nake lanƙwasa bakwai.

Bangon Baba Labbo bai yi kuskuren ko ɗaya ba.

Ran Asabar na koma, ba wanda ya aike ni.
Hadari ya haɗo, yana jan tamfol kan buhuna.
"Ɗiyata, kin dawo? Lissahi ya cika?"
Na ce ya cika, Baba.
"Madalla. Tun da anka ba ni sito ga
ban kwana da ƙwaya guda ta wani ba."
Na kama masa ɗaya bakin tamfol ɗin.
Me zan ce?
Bashin da mai shi bai san yana bi ba,
a wane shafi ake shigar da shi?

Da zan tafi na roƙi guntun gawayinsa.
Ya yi dariya har hularsa ta goce.

Yanzu yana cikin jakata, kusa da jan biro.
Ya ɓata mini littafi biyu da farin mayafi.
Inna ta ce in jefar.
Na ce mata ban gama karatu da shi ba.