Latsa Ɗaya

Shekara ashirin da shida ina gadin talho
a mangazar Alhaji Tsahiru, bayan babbar kasuwa,
inda ƙamshin aya ke raka mutum har gida.
Talhon baƙi ne, igiyarsa murɗaɗɗiya kamar hanjin rago,
in ya yi kuka, ni ke rarrashi.

Na san mutum tun daga tarinsa.
Mai jan numfashi kafin sallama, bashi yake nema.
Hajiya Cima ta Cadawa kuwa
sai ta gaishe ni, ta gai da ƙafata mai ciwo,
ta tambayi jar akuyar da na sayar bara,
kafin ta ce buhu nawa.

Sai Nafi'u ya dawo daga karatu a Yamai
da ɗan akwati mai ƙyafta koren ido.
Ya ce, Baba Barmo, magana ta bar igiya,
ta intanet za ta riƙa bi.
Lamba guda, baki huɗu:
ta yi ƙara a nan,
ta yi a Ɗan Isa wajen masu fiton kaya,
ta yi a Kwatano cikin aljihun Lawali,
ta yi a gefen matashin Alhaji, ko yana Makka.
Na ce, kuɗin fa?
Ya ce, kiran bakin teku da kiran ɗakin baya duk ɗaya.
Na tuna takardar ƙarshen wata
mai sa Alhaji cire hula yana fifita,
na ja bakina.

Saura murya, in ji shi.
Ya zaunar da ni kan buhu, ya kashe fanka.
Sau tara ina faɗa.
A na uku jakin amalanke ya sa baki,
a na bakwai na ƙara "ina gajiya",
ya ce a cire, tana cin lokaci.

Barka da kira. Don sayen aya, latsa ɗaya.
Don mota da kaya, latsa biyu.
Don lissafi, latsa uku.

Ba a ware wa mai tambayar lafiya lamba ba.

Yanzu ina Bagalam, gindin dogon yaro.
An sallame ni da mutunci, jikka ɗari da turmin shadda.
Ba zan ci haƙƙin na'ura ba, ciniki ya buɗe.
Direba ba ya kwana a Gaya yana jiran a ɗauka.
Kowane kira a rubuce, da sa'a da minti,
an daina rantsuwa kan wa ya ce me.

Nafi'u ne ya kawo mini labari yana dariya:
wai Hajiya Cima in ta kira
sai ta gai da muryar nan tsaf, ta tambaye ta ƙafa,
ita kuwa tana ta latsa ɗaya, latsa biyu.
Ran nan ta ce, Barmo ya yi kuɗi, ya daina amsa gaisuwa.
Ban taya shi dariya ba.
Na ba wani direba goro ya kai mata.

Ran Litinin, ranar kasuwa, kuran ya ɗauke tun hantsi,
rezo ya bi bayansa, koren ido ya rufe.
Aka aiko ɗan kabu-kabu: Alhaji na nema.
Na tarar da ƙofa cike, kowa da bakinsa a hannu.
Na bi su ɗai-ɗai, ina gida, ina gajiya,
har wajen la'asar akwati ya buɗe ido.
Aka ba ni kuɗin komawa.

Bayan isha na ciro 'yar salulata,
na buga lambar da yatsana ya haddace.
Wani tsoho ya ɗauka.
Ba ya tari, ba ya barci, ƙafa ba ta damunsa.
Na ce, Barmo, ina wuni?
Ya ce, latsa ɗaya.

Ba aya nake so ba.
Yatsana ya tsaya a sama,
kuɗin kati na ta zurarewa,
shi kuma ya koma daga farko.