Mantuwar Kutiya

Kakata Ozanira ba ta shiga daji sai hantsi ya dubi ludayi.
Takan ce a bar iska ta gama girgiza rassa tukuna,
don ƙwallon kastanya in ya taho daga can sama
ba ya tambayar kan wane ne a ƙasa.
Kawu Deusimar na da tabo a kafaɗa,
shi ne shaidar maganar.

Watan Janairu, ruwa kamar da bakin ƙwarya,
kogin Akre ya tumbatsa, ya yi jawur da laka.
Mu bi sawu ɗaya, adda a hannu, kwando a baya,
taɓo har gwiwa, sauro na yi mana guɗa.
Kowace bishiya ta san ta da suna:
Gurguwa, Uwar Tagwaye, Mai Doro, Marowaciya.

Ran nan na tsinci ƙwallo an huda shi,
baki a zagaye kamar aikin masassaƙi.
Na ce, Kaka, ɓarawo ya riga mu!
Ta yi dariya har lofenta ya faɗi.
Ta ce, kutiya ce, 'yar dabbar nan mai jan gashi,
haƙorinta ke iya wannan ƙoƙo mai taurin kai.
Ta ci biyar, ta binne goma saboda gobe,
goben ta zo, ta manta inda ta sa bakwai.
Duk katafariyar da ka gani a nan, jikana,
mantuwar kutiya ce ta tsiro.

Sai ta ɗaga haɓa sama, inda ido ke gajiya.
Furen, in ji ta, a rufe yake kamar akwati,
sai wani ƙaton ƙudan zuma mai ƙarfin kafaɗa
ke iya ɗaga murfin ya kutsa.
Namijinsa kuwa ba ya zuwa zance haka kawai,
sai ya shafo turare a wani ɗan fure
da ke maƙale a jikin wata bishiya dabam,
wadda ba ma ci, ba ma sayarwa,
ko suna ba mu raɗa mata ba.
Ka ga wannan da kake wa kallon banza?
Da ita aka sayi takalmin da ke ƙafarka.

Ni dai a lokacin yunwa nake ji.

Yau shekara sha ɗaya da muka kai ta makwanci.
Ina kan doki, ina kiwon fararen shanun wani
da ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Inda muke nutsewa a taɓo, ciyawa ce har ƙarshen gani,
ƙasa ta tsage, rafin da muke sha ya ƙafe.
Doka ta ce kar a sare kastanya,
sai aka sare kowa, aka bar ta.

Ga Uwar Tagwaye can, tsaye ita kaɗai,
gindinta baƙi da toyin bara.
Tana fure, Allah shaida, tana yi,
furen ya jira baƙon da ba ya zuwa,
ya gaji, ya zubo, shanu su taka.
Na zaga ta sau uku jiya.
Ƙwallo biyu na samu, ɗaya ma fanko.

Bayan waya ta ƙarshe akwai ragowar kurmi,
ɗan tsibiri, tafiyar rabin sa'a ka ratsa shi.
Can har yanzu ganye na ruɓewa da ƙamshi,
tururuwa na ɗauke da koren kaya a ka,
biri na zagin duk wanda ya wuce.
Ran Lahadi nakan ɗaure doki in shiga
da 'ya'yan kastanya bakwai a aljihu.
In durƙusa, in tona da yatsa,
nan ɗaya, can ɗaya, gefen kututture,
in rufe, in baza ganye a kai,
in juya baya ban sa alama ba.

Kan hanyar gida ina ta ƙoƙarin mantawa.