Sunan Da Ba Na Faɗa

An ce kowa sai ya yi kati,
in ba haka ba a rufe layi,
a rufe asusun da yaron nan ke turo mani na cefane.
To, na ɗauki 'yar kujerata,
Rumasa'u ta riƙe mani lema,
tun asuba muka bi sahu a Ƙofar Sauri
har inuwa ta gudu ta bar mu da rana.

Yarinyar da ke bayan na'ura
ba ta girmi jikata ba.
Ta ce, Iya, kawo yatsa.
Na miƙa. Gilashi ya yi ja, ya ƙi ni.
Ta ce lalle ne. Na ce ba lalle ba ne, 'yar nan,
shekara arba'in ina murza ƙuli-ƙuli,
tunkuza ta cinye zanen da Allah ya yi mani.
Ta goge da tsumma, ta danna, ta sake dannawa,
kamar mai taɓa gwanda ta ji ko ta nuna.

Ta ce ja lulluɓi baya, kunne ya fito.
Mazan da ke layi suka kau da kai, Allah ya yi masu albarka.
Ta ce yaushe aka haife ki?
Na ce shekarar da fara ta cinye mana gero.
Ta rubuta ɗaya ga watan ɗaya.
Ashe duk tsofaffin layin nan
rana guda aka yi mana suna.

Sai ta ce, wa za a nema in wani abu ya same ki?
Na ce babbansu.
Sunansa?
Na ce Na Kurna.
Ta ce na yanka, Iya, na'ura ba ta san laƙabi ba.

Ɗan fari ne.
Tun ranar da aka raɗa mashi, bakina bai taɓa ɗauka ba,
ko da ƙyanda ta kwantar da shi,
ko ranar da ya hau mota ya tafi neman kuɗi.
A zuci nake kira, kuma yana ji.
Rumasa'u ce ta faɗa, da ƙarfi, kamar mai tallan awara.
Yatsu suka yi ƙas-ƙas, ya shige.
Na ce ina ya tafi? Ta ce Abuja.
Na ce ɗakin wa? Wa ke riƙe da makulli?
Ta yi dariya, ta kira wanda ke bayana.

Wata uku, bayan isha'i, waya ta yi kuka.
Murya mai laushi, sallama cikakkiya.
Ya san ubana, ya san lungunmu,
ya san ranar haihuwar da aka ƙaga mani.
Wai daga banki.
Sannan ya kira sunan,
ɓaro-ɓaro, kamar ya ci naman ragon.
Jikina ya yi sanyi har tafin ƙafa.
Ya ce karanto mani lambar da ta shigo yanzu.
Ba wayo ne ya cece ni ba,
ban iya boko ba, Rumasa'u kuwa ta yi kwana.

Hurera ta maƙwabta ta iya karatu.
Ta karanta mashi.
Kuɗin adashen mutum tara ne a hannunta.
Kwana biyu ke nan ban ji tukunyarta ba,
sai dai in tura mata koko ta katanga, ba magana.

Katin ya fito. Yana cikin kwalla, naɗe a leda,
da fuskata a tsorace kamar an kama ni da kayan wani.
Ban ƙi gwamnati ta san ina raye ba.
Amma in ɓarawo ya ga makulli, maƙeri na nan, a sake kwaɗo.
Wa zai sake mani yatsa?
Jiya Na Kurna ya bugo, na ji muryarsa sarai,
sai da na tambaye shi sunan akuyarmu da ta mutu
kafin na yarda ɗana ne.