Inda Ta Tsaya

Kwali tara na ɗaure da igiya
a gidanmu na kan tudu a Duluth,
ranar da muka gama raba kayan Mama.
Kujeru sun sami masu so, agogon bango ya samu,
har tukunyar da murfinta ya ɓata tun ina yarinya.
Da aka zo kan littattafan, kowa ya kau da kai.

Masu taurin bango ne, nauyinsu kamar bulo,
kowanne sanye da rigar takarda:
mace a bakin dutse iska na jan gashinta,
soja ya ba da baya, gida na ci da wuta can nesa.
A goshin rigar an buga da jan tawada,
an sayar da miliyan ɗaya, an sayar da miliyan biyu.
A shekarun nan in ka shiga bas
sai ka ga bango iri ɗaya a hannu biyar,
matan layinmu na musu ta kan shinge
ko yarinyar za ta yafe wa likitan.

Duk wata ake kawo mata ɗaya ta gidan waya.
Takan yanka ƙunshin da wuƙar feraye dankali,
ta shinshina tsakiyar kafin ta fara.

Na kai su shagon Torvald Niemi, kusa da gada.
Ya ɗaga tabarau, ya shafa gadon bayan ɗaya
kamar mai tayin tsohon doki.
"Sun yi tashe," in ji shi. "Kowane gida akwai su,
shi ya sa ba mai nema.
Wani otal yakan saya da awon tsawon kanta
in launinsu ya dace da labule."
Dala shida ya taya, har da kwalayen.

Na ce bari in kakkaɓe su tukuna,
ko ta manta kuɗi a ciki.

Ba kuɗi. Rasit na kanti ne ke faɗowa,
daga shafi na ɗari da tara, daga ɗari biyu da arba'in,
wani ko babi uku bai kai ba.
Daga rasit zuwa ƙarshe takardun fes,
ba tabon kofi, ba kunnen da aka lanƙwasa.
A bayan kowanne, da fensir, hannunta:
Eino ya dawo. Sai kwanan wata.

Babana ke nan, mai kula da injin jirgin dakon tama.
Sati biyu, sati uku yana kan tafki.
Da ta ji ƙahon jirginsu na neman a ɗaga gada
sai ta rufe littafi a tsakiyar magana,
ta bar likita da kalma a baki.
Kafin ya sake tafiya wani sabo ya iso.
Ashe shekara goma sha tara
ba ta san yadda ko ɗaya ya ƙare ba.

Sai guda, mai koren bango, ba riga.
Na kife shi, na kaɗa, ba abin da ya faɗo.
Bayansa ya karye,
shafukan ƙarshe sun yi laushi kamar tsohon zane.
Na duba shekarar bugu. Na san ta.
Nuwamba ce, ina aji huɗu,
mutum biyu a ƙofa, huluna a hannu.

Labarin ba wani abin a zo a gani ba ne:
rigimar gado, wasiƙar da ta makara,
biki a shafin ƙarshe.
Sunan marubucin ko Torvald bai tuna ba.

Na mayar da kwali tara cikin mota.
Ya taya ni ɗauka, bai tambaye ni dalili ba.

Yanzu kullum dare daga rasit nake farawa,
ban san farko ba, ita ba ta san ƙarshe ba.
Jiya ƙanƙara ta rufe tashar jiragen,
na kai shafi na ɗari huɗu da shida.
Yarinyar ta yafe wa likitan, Mama.
Ni da ban yafe ba.